Keken da Bai Wuce Zaure Ba

Duk unguwar Nasarawa, a nan Birnin Kebbi, an yarda cewa yayata ta yi sa'a. Ka tambayi mai goro a bakin kasuwa, ka tambayi matan da ke yawon barka, abu ɗaya za su gaya maka: ita ce matar da aka ba keken guragu ranar da aka ɗaga sabuwar tuta, aka ɗauke ta hoto, aka tafa mata. Sai su ƙara da cewa tana da wata ƙanwa 'yar boko marar godiya, wadda bakinta bai san babba ba. Ƙanwar ni ce, kuma zancen bakin gaskiya ne. Sauran duk shirme. Keken nan bai taɓa shiga cikin gidan ba. Yana zaure inda aka tura shi tun ranar, surukinta ya shimfiɗa masa buzu yana jera littattafansa a kai.

Mu mutanen Argungu ne. Babanmu masunci ne, kuma Yaya a cikin jirginsa ta girma. Tana tuƙi da sanda kamar namiji, tana ɗauko kwandon kifi daga bakin gulbi har gida ba ta sauke ba. Ni ce raguwar gidan, shi ya sa da aka zo neman 'yan mata na makaranta aka miƙa ni ba wanda ya yi kuka. Ita kuwa ta auri wani akawu ɗan Birnin Kebbi, ɗan gidan malamai, wanda ta gani a kasuwar Argungu ta ce shi take so. Ba shi da laifi a lokacin. Yanzu ma in an tsananta ba mugu ba ne, tsoron ubansa ne ya cinye shi.

Ciwon ya fara ne bayan haihuwarta ta fari, da ta sami ɗiya mace. Ta zo gida wankan jego, ni kuma ina hutun makaranta. Kullum Inna takan tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganye tana fyaɗa mata a jiki, sannan a kwantar da ita a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Haka ake yi wa kowace mai jego, haka aka yi wa Inna. Amma Yaya in ta fito daga wankan sai ta ce idonta na dama ya yi hazo, ƙafafunta kuma kamar an ɗaura musu duwatsu. In jiki ya huce sai abin ya ɗan sake ta.

Inna ta ce, “Sanyin gulbi na. Tun tana ƙarama cikin ruwa take, yanzu yat tashi. A ƙara wuta.”

Aka ƙara wuta. Kafin a yi arba'in, macen da ke tuƙa jirgi ta koma bin bango.

Abin da ya fi ɓata mata suna shi ne ciwon ba ya zama wuri ɗaya. Ta koma ɗakinta a Birnin Kebbi ta warware, har tana daka. Bayan 'yan watanni ya dawo, ya kama hannu, ya saki hannu ya koma ƙafa. Masu cewa iska ce suka ce iska ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Uwar mijinta, wadda muke kira Gwaggo, ta fi yarda cewa lalaci ne, don a ganinta ciwon gaskiya ba ya hutun safe. Da sanyin safiya Yaya takan taka har tsakar gida. Rana na takewa sai ta zube.

Da na gama makaranta na zo na zauna da ita. Mijin ya ɗauki hutu muka kai ta Sakkwato, ni ce tafinta. Likitan ya buga mata gwiwa da ɗan guduma, ya ja mata tsinke a tafin ƙafa, ya leƙa idonta da fitila, ya yi tambayoyi har na gaji da juyawa. Can ya tambaya ko ruwan zafi yana ƙara mata ciwon. Na yi wata dariya da ta sa mijin ya harare ni. Likitan ya ce sunan abin da Turanci multiple sclerosis, kuma ba kasafai yake ganinsa a mutanenmu ba. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi suna da riga, rigar ce ke cinyewa, sai saƙo ya riƙa ɓacewa a hanya. Ba shi da maganin da zai raba ta da shi. Ya ce a raba ta da zafi, a sa mata abin riƙewa a bango, a yi mata wurin zama mai tudu a bayan gida don tsuguno zai fi ƙarfinta.

Na juya musu wannan kalma da kalma. Mijin ya ji duka, ya gyaɗa kai. Da muka dawo ya gaya wa ubansa cewa likita ya ce sai haƙuri.

Sai na bayyana gidan, don wanda bai san shi ba ba zai gane haukan da aka yi ba. Kakan surukinta ne ya gina shi. Daga titi ka shiga babban zaure mai faɗin ƙofa, inda Malam, wato surukin, yake karatu da baƙinsa. Daga nan akwai wata ƙofa ƙarama a kusurwa, mai dokin ƙofa har ƙauri, an karkata ta da gangan don wanda ke zaure kada ya hango matan gida. Mai ƙiba sai ya juya gefe yake wucewa. Bayanta tsakar gida ce, yashi ne zalla mai nutsa ƙafa. Ɗakin Yaya yana gabas. Masai yana can ƙarshen yamma, bayan rumbu, rami ne da bakin tulu a kai, ba abin da mutum zai kama sai iska.

Rayuwata ta koma tsakanin ɗakin nan da ramin nan. In rataya hannunta a wuyana mu ja yashi, in tsugunar da ita, in tsaya riƙe da kafaɗunta ina kallon bango, in ɗaga ta. Matar da ta goya ni. Ba ta taɓa ce mini komai a kai ba, ni ma ban ce ba, amma in mun fito ba ma haɗa ido sai an jima.

Wata rana na tafi kai niƙa, ta ƙi jira, ta ƙi kiran kowa. Na dawo na iske ta kwance a gefen ramin, zani ya ɓaci, rana na dukanta, Gwaggo na tsaye da buta tana salati da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Bayan na wanke ta na kwantar, Gwaggo ta kira ni gindin rumbu.

Ta ce, “Ke, ɗiyar ga. An ce an kira ki Kaduna koyon aikin asibiti?”

Na ce, “An kira ni. Bayan girbin shinkafa.”

“To in kin tahi wa za ya ɗauke ta? Ni? Da wanga baya nawa? Ku dai yi shawara. In anka yaye yarinya, ita ta koma Argungu wurin uwarta ta yi jinya. Yarinya kau tana nan wurina, daman ɗiyar hwari ta kaka ta.”

Na ce, “In tana kai kanta bayan gida fa?”

Ta dube ni sama da ƙasa. “In tana kai kanta, wa yac ce ta tahi? Ni kora nika yi? Ɗauka ta ba ni iyawa.”

Na riƙe wannan maganar. Ba mai taushin zuciya ba ce Gwaggo, amma ba ta cin maganarta.

A daidai lokacin gari ya rikice da shirin mulkin kai. Ana shafa farar ƙasa a duwatsun bakin hanya, yara 'yan makaranta na koyon maci. Matan manyan ma'aikata, da wasu matan Turawa da ke ɗaure kayansu, suka kafa ƙungiyar taimakon naƙasassu. Aka yi shela cewa suna ba da sandunan guragu da kekuna, suna kuma gyara wa mutum gida in gyaran ne zai taimake shi. Da kunnena na ji zancen gyaran gida. Ban nemi izinin kowa ba, na saka takalmin makaranta na tafi bariki. Na gaya wa sakatariyarsu abin da muke so da Turancin da ba ta isa ta ce ba ta gane ba: siminti a yi wurin zama a kan rami, ƙarfe a bi bango da shi daga ɗaki zuwa can. Ta ce za su zo su gani da idonsu. Na koma gida ina jin kamar na gama aiki.

Ranar da za su zo Gwaggo ta tashi gidan tsaye. Aka share ƙofar gida aka yayyafa ruwa. Aka shimfiɗa darduma a zaure, aka kawo kujeru daga maƙwabta. Na ce a bar su su shiga ciki, ai mata ne. Gwaggo ta ce, “Manyan baƙi za ki ja har bayan rumbu? Ki nuna musu mi? A makarantar taku ba a koya muku kunya?” Aka yi wa Yaya wanka da ruwan da na hana a ɗumama, aka ɗaura mata zanen aurenta, aka sa mata kwalli. Da safe ne, jikinta da dama-dama. Ta tako zuwa zaure da ƙafarta, tana dafa ni kaɗan. Na so a ce da azahar suka zo.

Su uku ne. Shugabar matar wani babban ma'aikaci ce, doguwa, ta sha awarwaro har gwiwar hannu. Da sakatariyar, da wata Baturiya da ba ta jin Hausa sai murmushi. Malam yana zaune a buzunsa, ɗansa na gefensa a durƙushe. Yaya ta zauna a ƙasa can nesa da surukinta, ta ja mayafi ta rufe fuska, kamar yadda kowace matar ɗa za ta yi. Aka yi gaisuwa har na ƙosa.

Shugabar ta ce, “To baiwar Allah, mi kike buƙata? Hwaɗi, kada ki ji nauyi.”

A gaban uban mijinta! Matar da ko tari ba ta yi in yana wuri. Yaya ta ce daga cikin mayafi, “Duk abin da kunka ba ni, na gode.”

Shugabar ta ji daɗin wannan amsar ƙwarai. Ta juya ta fassara wa Baturiyar, Baturiyar ta dafa ƙirji. Na jira mijin ya yi magana, shi da ya ji likita da kunnensa. Yana ta gyara hular da ba ta karkace ba.

Na ce, “Masai take buƙata.”

Baƙin suka dubi juna.

Na ce, “Ba ta iya tsuguno. Ramin yana da nisa, ba abin riƙewa, ta taɓa faɗuwa a ciki. Ku taso in nuna muku, nan ne bayan rumbu.”

Malam ya tattara rigarsa ya miƙe, ya sa takalmi ya fita ba tare da ya dubi kowa ba. Daga bayan ƙaramar ƙofa na ji Gwaggo ta ja tsaki mai tsawo. Yaya ta ƙara dunƙulewa. Baturiyar na ta tambayar abin da aka ce, ba wanda ya fassara mata, ni kuma da na buɗe baki shugabar ta ɗaga mini hannu, awarwaro suka yi ƙara.

Ta ce, “Yarinya, ba a hwaɗin wanga gaban manya. Mu ma mun yi makaranta, ba ta hana mu tarbiyya ba.” Ta juya ga mijin. “Muna da keke guda, mai kyau, daga asibitin soja anka ba mu shi. Ya yi?”

Ya ce, “Ya yi, ranki ya daɗe. Allah shi saka da alheri.”

Ba wadda ta dubi ƙaramar ƙofar, tana nan a gabansu.

Da suka tafi na tare mijin a zaure. Da can muna wasa irin na miji da ƙanwar mata, yana ce mini amaryarsa ta boko. Ranar ba wasa.

Na ce, “Kai da ka ji likita, me ya kama bakinka?”

Ya ce, “Haba amarya. Gaban Malam? Ke dai kin kunyata mu. Keke ai ba abin rainawa ba na, mutum nawa ag garin ga ke da shi?”

“Ta ina zai shiga?”

“A san yadda anka yi.”

Ranar bikin aka aiko mota ta ɗauki Yaya. Damina ta ƙare ke nan, zafin nan mai ɗanko da ke biyo bayanta ya sauko. Aka jera naƙasassu a fili a gaban rumfa, manya na cikin inuwa, su suna rana. Na je na ce wa sakatariyar zafi guba ne ga yayata, ta ce in yi haƙuri yanzu za a zo kansu. Aka yi jawabi, aka yi maci, aka sauke tuta aka ɗaga tuta, aka sake jawabi. Ina tsaye a kanta da mayafina na yi mata rumfa, wani ɗan doka ya ce in kauce ina tare wa manya gani. Da aka zo ba da keken, sai da mutum biyu suka ɗaga ta suka ɗora. Mai hoto ya ce ta ɗaga hannu ta gaida jama'a. Hannun ya ƙi tashi. Shugabar ta kama shi ta ɗaga mata, aka tafa. Wannan hoton ne mutane ke zance. Na gan shi. In ka duba da kyau za ka ga kan Yaya ya langaɓe gefe.

Jama'a suka rako mu har gida ana tura ta ana guɗa. Keken ƙarfe ne baƙi, da mazaunin katako, da hannuwa masu kauri, ba ya naɗewa. A bayansa an kafa wani ɗan farantin tagulla da sunan ƙungiyar. Ya shiga babbar ƙofa lafiya lau. A ƙaramar ya tsaya. Aka juya shi, aka karkata, aka ɗaga, ƙafafunsa suka kankare bango. Wani ya ce a ɗan fasa gefen ƙofar. Malam ya ce ƙofar da kakansa ya gina ba za a taɓa ta ba, kuma ba zai buɗe matan gidansa ga duk mai shigowa zaure ba. Ko da ya shiga ma, wa zai tura shi cikin yashin nan? Na goya Yaya na kai ta ɗaki. Ta yi kwanaki ko kofi ba ta iya riƙewa. Gwaggo ta kawo ruwan zafi za ta gasa mata ƙafafu, na karɓi ƙwaryar na zubar a gabanta. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata sai da hanci.

Na koma bariki. Na iske shugabar a barandarta ana yi mata kitso.

Na ce, “Keken bai shiga ba. Ku karɓi abinku ku ba wanda zai amfane shi, mu a ba mu siminti da ƙarfe.”

Ta ce, “Gida guda, taimako guda. An rubuta ku, an gama.”

“Amma ba ta hau shi ba ko sau ɗaya bayan ranar.”

“Wanga matsalar gidanku ta. Mu mun yi namu, duniya ta gani.”

“Kun ce kuna gyaran gida.”

Ta ture hannun mai kitson ta juyo. “Ke, masu ba mu kuɗin ga suna son su ga abin da anka yi da su. In sun zo mi za mu nuna musu? Rami? In kai matar Razdan, babban Baturen mulki, bayan rumbunku in ce ga aikinmu?” Mai kitson ta ƙyalƙyale. “Kuma in gaya miki, keken ga amana ta. Muna zagayawa muna dubawa. Kada in ji an sai da shi ko an taɓa shi.”

Na ce, “Ku zo ku duba. Yana lafiya, ya fi mai shi lafiya. Har karatu yake yi.”

Ta ce in fita mata daga gida. Na fita.

Shinkafa ta fara nuna a fadama. Na hau motar kasuwa zuwa Argungu don in ji ta bakin iyayenmu, ko Baba zai zo ya yi wa Malam magana, babba da babba. Na iske Inna na shanya kifi. Na zayyana mata komai.

Ta ce, “To a kawo ta mana. Ɗiyata ta, ni ban gajiya da ɗaukarta.”

“Yarinyar fa?”

“Yarinya ai tasu ta. Ke ma da kin yi wayo wa yar riƙe ki, ba kakarki ba? Kuma ɗiyar hwari, mi za ta yi da ita? Ko sunanta ba ta hwaɗi.”

Na dubi gidanmu. In gulbi ya cika ruwa har bakin ɗaki yake zuwa. Masai namu ya fi nasu muni. Inna kuma na san ranar da Yaya ta iso za ta ɗora tukunya, don har yau ta yarda sanyi ne, likita bai san gulbi ba. Baba yana gyaran koma a inuwa, ya ji duka. Ya ce shi ba zai shiga gidan suruki ya koya masa yadda zai yi da ƙofarsa ba, ba a haka. Na ce to ya ba ni sandunan tuƙinsa guda biyu, dogayen, waɗanda ya daina aiki da su. Ya ce me mace za ta yi da sandar tuƙi a Birnin Kebbi? Na ce tuƙi. Ya dube ni, ya ce in ɗauka in rabu da shi. Na sha faɗa da yaran mota kafin su yarda su ɗaura su a sama.

Da na dawo gidan shiru, Gwaggo ta tafi suna. Na jingina sandunan a bayan rumbu na leƙa ɗaki. Yaya na kwance, ta ɗora yarinyar a ƙirji, tana shinshina wuyanta tana yi mata wata 'yar waƙa ta masunta da Baba ke yi mana. Da ta ji motsina ta yi sauri ta ture ta gefe, ta ɗaure fuska. Shekara da watanni ina gidan nan ban taɓa ganin ta yi wa ɗiyar nan wasa ba. A gaban mutane in yarinyar ta rarrafo wurinta sai ta ce a zo a ɗauke wannan.

Na ce, “Ni ce, ba Gwaggo ba. Ci gaba.”

Ta jawo yarinyar ta mayar da ita ƙirji. Can ta ce, “Mi Inna tac ce?”

“Ta ce a kai ki.”

“Baba hwa?”

“Ya ba ni sanda.”

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta tsaya a hanya. Yarinyar ta kama ɗan kunnenta tana ja, ba ta hana ta ba. Ta ce, ba ta dube ni ba, “In sunka kai ni, wagga ba ta sanina. Ta tashi tana ce ma Gwaggo inna. In na zo a ce mata ga gurguwar Argungu, gaishe ta.”

“To ki faɗa musu.”

“In ce mi? In ce ina son ɗiyata? Da wane baki?”

Haushi ya kama ni, har da ita. Kowa a gidan nan yana da abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba, kuma a kan haka za a ɗora mace a mota a raba ta da 'yarta. Na ce, “Ke ma da kin buɗe baki ranar da suka zo, da ba mu kai nan ba.”

Ta ce, “Ke kin buɗe naki. Ina munka kai?”

Na fita na bar ta.

Na tsaya a zaure ina kallon keken. Malam ya tafi masallaci, littattafansa na jere a kai. Na ɗaga buzun na ƙwanƙwasa katakon, mai kauri ne. Na kama hannuwan na danna da duk nauyina, ko gezau. Na duba inda ƙafafun suka haɗu da jiki, kusoshi ne masu juyawa irin na keken hawa. Na auna faɗinsa da igiyar guga, ba tare da ƙafafun ba, na kai igiyar ƙaramar ƙofa. Da saura.

Ban gaya wa mijin ba, don zai ce bari ya tambayi Malam. Ban gaya wa Gwaggo ba. Yaya kawai na gaya wa, ta ce, “Za su tsine miki.” Na ce sun riga sun fara.

Ranar Jumma'a, in maza sun tafi masallaci, zan sauke littattafan Malam in jera masa su a kan buzunsa da ladabi. Zan tura keken zuwa wurin mai gyaran kekuna na bakin kasuwa tun kafin ya rufe, ya kwance ƙafafun, kafinta na kusa da shi ya huda mini katakon a tsakiya. In dawo da shi a ka, in shigar da shi ta ƙofar kakan Malam ba tare da na taɓa mata ko ƙwayar ƙasa ba, in kafa shi a kan ramin in danne gindinsa da laka. Sandunan Baba zan ɗora su a kan gwafanni a bi bango, daga ƙofar ɗakinta har can. Ta san yadda ake riƙe su tun kafin a haife ni. Kafin a gama girbi ina so Gwaggo ta tsaya a tsakar gida da idonta ta ga Yaya ta je ta dawo, sannan in tuna mata maganar da ta yi a gindin rumbu.

Farantin tagullar kuwa zan ɓamɓare shi in wanke, in kai wa shugabar har barandarta. In gaya mata inda amanarta take, in ce duk ranar da suka tashi zagayen dubawa su zo, ni da kaina zan yi musu jagora zuwa bayan rumbu.